Aikin tambayoyin jera kalmomi na ajinmu na Aboabo, inda aka kwana

Asabar, 6 Satumba 2025

Bismillah. Yau na fara rubuta yadda aikin nan ke tafiya saboda kar in manta abin da na gwada da wanda ban gwada ba, kuma ko wani malami a Nima ko Tamale zai so yin irinsa ya samu inda zai kama. Aji ne na ranar Asabar muke yi a nan Aboabo a Kumasi, cikin ɗakin makarantar allo ta Baba Malam bayan an tashi karatun safe, yara 23 ne, yawanci 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, dukkansu Hausa suke ji tun daga ciki amma ka ce su rubuta layi ɗaya sai ido ya raina fata. Ba laifinsu ba ne, a sukuu, wato makarantar boko, Turanci ne da Twi, Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantun Ghana, to a ina za su koya?

Abin da nake so in yi shi ne tambayoyin da za a watsa kalmomin jimla, yaro ya ja su da yatsa a waya ya jera su daidai. Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, nake amfani da shi don kyauta ne kuma da shi na saba, wani ɗan Ostareliya Martin Dougiamas ne ya fara fitar da shi a 2002. Irin tambayar da nake buƙata, wadda suke kira odarin, wato ta jerantawa, a da sai ka sauko da ita daban ka ɗora, amma daga Moodle 4.4 na Afrilun 2024 an sa ta a ciki. Ƙanena da ke karatu a jami'ar KNUST ya ɗora min Moodle 4.5 a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, don haka tana nan. Burina tambaya 200 kafin hutun Disamba.

Talata, 9 Satumba

Na yi 20 na farko jiya da dare. Yin ɗaya ba wuya, ka rubuta kalmomin a jere yadda suke daidai kowace a akwatinta, ka zaɓi ko a kwance za su fito ko a tsaye, shi zai hargitsa su da kansa duk lokacin da yaro ya buɗe. Ƙanwata 'yar shekara 11 na ba ta gwada, cikin minti kaɗan ta gama, na ce kai ashe kin iya haka, ta ce Yaya ai mai babban baƙi ita ce ta farko mai ɗigo kuma ita ce ta ƙarshe. Wato a jimla mai kalma 4 na riga na ba ta amsar biyu, saura biyu na tsakiya, ko ta canka rabi da rabi ne. Na koma na cire manyan baƙaƙe da ɗigon aya gaba ɗaya sai a sunan mutum ko gari.

Na kuma zauna na yi lissafi, kalma 3 hanya 6 kawai ake iya jera su, kalma 4 hanya 24, kalma 5 hanya 120, in ta kai 7 kuwa 5040. Masu kalma 3 na cire su duka, sa'a kawai za ta iya ba yaro maki.

Asabar, 13 Satumba

Gwajin farko da yara. 15 suka zo, sauran sun tafi Maulidi a Sawaba. Wayoyi 6 gare mu, tawa, ta ƙanena da ya bar min, sai huɗu na iyaye da aka aro, don haka uku uku ko biyu biyu suka zauna kan benci ɗaya suna miƙa wa juna.

Abin da ya faru yau ya tsaya min a rai. Akwai tambayar da na sa, amsarta a wajena "na je kasuwa jiya". Wata yarinya, cikin masu ƙoƙarin ajin ce kuma ba ta cika magana ba, ta jera "jiya na je kasuwa", waya ta nuna mata ja, sifiri. Na ga ta sake dubawa, ta karanta a hankali tana motsa baki, sai ta ɗago ta ce Ticha ina kuskuren? Wallahi ban da amsa, don babu kuskure. Hausarta daidai ce, ko kakata haka za ta faɗa. Na ce mata ke ce da gaskiya tambayar ce ba ta yi ba, amma na ga fuskarta ba ta saki ba, don abin da ta gani da idonta shi ne ja. Bayan nan ba ta ƙara karɓar wayar ba har aka tashi, duk zagayen da ya zo kanta sai ta tura wa ta kusa da ita.

Ita wannan tambayar jeri ɗaya tak take riƙewa a matsayin daidai, wanda malami ya rubuta, haka aka gina ta. To nauyin yana kaina ne, ni ne zan tabbatar jimlar da na sa hanya ɗaya ce kawai take jeruwa. Da na dawo gida na bi 20 ɗin ɗaya bayan ɗaya, 9 daga ciki suna da wannan matsalar. Na shiga sakamakon na gyara makin yarinyar da hannu, akwai wajen yin haka, ranar Asabar in sha Allah zan nuna mata ta gani da idonta ya koma kore.

Alhamis, 18 Satumba

Gari tsit yau, ana rufe jana'izar Asantehemaa Nana Konadu Yiadom III, uwar masarautar Asante, ba kasuwa ba sukuu, an ce kowa ya zauna gida da dare. Sai na samu yini guda na zauna da littafi da biro, ban ma kunna kwamfuta ba sai bayan la'asar, ina ta juya jimloli ina neman waɗanda ba sa juyuwa.

Ga abin da na gano. Kalmomin lokaci su ne manyan masu yawo, jiya, gobe, yanzu, da safe, ran Juma'a, suna zama gaba suna zama baya ba wanda zai ce uffan. Su maganinsu shi ne in cire su daga cikin abin da ake ja, in rubuta a saman tambayar cewa jimlar ta fara da "jiya", yaro ya jera sauran. Sai kuma duk abu biyu da "da" ya haɗa, shinkafa da wake, wake da shinkafa, duk waakye ne, to waɗannan na manne su a akwati ɗaya. Sai suna biyu masu iya musanya wuri, "Musa ya ga Audu" da "Audu ya ga Musa", ba yadda yaro zai san wanne nake nufi.

Amma abin da ya fi faranta min rai yau, Hausa da kanta tana da makulli. Duba "sayi" da "saya". Kana cewa "na sayi doya", amma in ka kawo doyar gaba dole ka ce "doya na saya". Ba mai cewa "doya na sayi". Haka "karɓi" da "karɓa", "ɗauki" da "ɗauka", "ga" da "gani", "na ga Musa" amma "Musa na gani". Kenan in na ba yaro kalmar "sayi" na riga na ɗaure abin da aka saya a bayanta, ba inda za shi. Haka "sun" da "suka", "suna" da "suke", "yara suna wasa a waje" amma "a waje yara suke wasa". Shekara nawa ina magana da harshen nan ban taɓa tsayawa na lura ba sai da wannan aiki ya matsa min. Kuma ina ganin ainihin abin da ya kamata yaran su koya kenan, su ji a kunnensu dalilin da ya sa wannan kalmar ba ta zama sai a nan.

Na rubuta 31 sababbi a takarda, duk a kan wannan.

Lahadi, 21 Satumba

Korewa ta ba ni aiki. "Amina ba ta zo ba" tana da "ba" biyu, shi kuma odarin ba ya karɓar akwati biyu masu rubutu iri ɗaya, zai ce maka an maimaita. Na fara manne "ba ta" wuri ɗaya ya zama akwati guda, ya yi, amma rabin darasin ya tafi tunda abin da nake so su gane shi ne "ba" ɗin nan biyu suna rungume aikin ne gaba da baya. Sai na koma ɗaya nau'in, na ja ka ajiye cikin rubutu, wanda Open University ta Ingila ta yi. A can kana rubuta gurabe da lamba cikin baka biyu, irin [[1]] [[2]] [[3]], kuma kana iya sa lamba ɗaya a gurbi biyu in dai ka yi wa kalmar alamar cewa ba ta ƙarewa. Yanzu "ba" guda ce a ƙasa, yaro ya ja ta sau biyu. Duk tambayoyin korewa can na mai da su, 14 ne.

Asabar, 27 Satumba

Na nuna wa yarinyar nan makinta, ta yi murmushi ta ce na gode Ticha, yau kuma ita ta fara karɓar waya. Alhamdulillah.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo, kuma wannan ta fi ta jiya nauyi. Don in warware matsalar suna biyu sai na yi dabara na haɗa mace da namiji, "Musa ya ga Amina", a tunanina tunda "ya" ce dole Musa ne a gaba. Yara 7 suka jera "Amina ya ga Musa". Kuma duk wanda ya tashi a zongo ya san dalili, mu nan Hausarmu ta bakin titi ba ta cika raba mace da namiji ba, "mma ya tafi kasuwa" za ka ji daga Aboabo har Asawase har Ankara, wato Accra, ni kaina in ina hira da abokai a bakin masallaci haka take fita.

Na kai maganar wajen Baba Malam bayan azahar, yana zaune kan buzunsa yana gyara alƙalami da reza. Na ce Baba, yaran nan abin da suke ji a gida suka jera, in ba su ja ko in ba su kore? Ya ɗan yi shiru sannan ya ce ɗana, me ka tara su ka koya musu? Na ce karatu da rubutu. Ya ce to littattafan da za su karanta da labaran BBC da DW da za su gani a waya da wace Hausa aka rubuta su? Na ce ta Kano. Ya ce koya musu ita, amma kar ka kuskura ka ce wa yaro maganar uwarsa kuskure ce.

Na daɗe ina juya wannan. Ni ra'ayina Hausar zongo ba gurɓatacciya ba ce, harshen mutane ne da suka zo fataucin goro tun zamanin kasuwar Salaga suka zauna cikin Dagomba da Mosi da Asante da sauransu, harshen ya ɗauki kamannin inda ya zauna. Amma kuma in na bar yaro bai san "ta" ba na cuce shi ranar da zai buɗe littafi. Abin da na yanke, tambayoyin ya da ta na ware su rukuni daban, na sa musu suna "Hausar littafi", a saman kowace na rubuta cewa a jera yadda ake rubutawa a littafi. Kuma a bayanin da ke fitowa bayan amsa na cire kalmar kuskure, na sa "haka muke faɗa a gida, a littafi kuwa mace ta ce, namiji ya". Makinsu ba ya shiga jimillar mako sai mun yi darasin a allo sau biyu tukuna.

Laraba, 1 Oktoba

Shigar da tambaya ɗaya ɗaya yana cin lokaci, kusan minti 4 kowace in netwok ya yi kyau. Ƙanena ya ce in fitar da guda ɗaya a tsarin Moodle XML in tura masa ta WhatsApp, ya duba yadda take, ya rubuta ɗan kod na Python da ke ɗaukar jimloli daga jadawali ya mai da su fayil ɗin da za a shigar gaba ɗaya. Na rubuta jimla 60, ina raba akwatuna da sanda a tsaye. Aka shigar, na buɗe, sai ga "?asa" da "?aki" da "?arawo", duk ƙ da ɗ da ɓ sun zama alamar tambaya. Ashe wajen ajiye jadawalin CSV na gama gari na zaɓa maimakon mai UTF-8, wanda shi ke riƙe baƙaƙe masu ƙugiya. Na goge 60 ɗin na sake, yanzu lafiya lau.

Wani ya ce min me zai hana in bar ƙugiyar kawai tunda kowa haka yake rubutu a Facebook. A'a. Kasa da ƙasa ba ɗaya ba ne, haka dauri da ɗauri, bari da ɓari. A tambayar da kalma take tsaye ita kaɗai cikin akwati ba jimla a gefenta, ƙugiyar ce kaɗai ke gaya wa yaro wace kalma ce. Gboard, kibod ɗin waya na Google, yana da Hausa, na sa wa duk wayoyin shida.

Asabar, 4 Oktoba

Yau maganar maki. A da na bar shi kan tsarin da ke duba ko kowace kalma tana daidai gurbinta. Wani yaro a jimla mai akwati 5 ya jera huɗu daidai a jere, ta ƙarshen ce kawai ya kawo gaba, to kowace kalma ta gusa da gurbi ɗaya, ya tashi da sifiri, daidai da wanda bai taɓa komai ba. Wannan ba adalci ba ne. Akwai wani tsarin da ke duba wace kalma ce ke bin wace, a akwati 5 haɗi 4 ne, yaron ya samu 3, kashi 75 kenan. Shi na koma don shi ya fi kama da yadda ni zan duba a takarda, ina ganin yaro ya san "sayi" na bin "ya", "doya" na bin "sayi". Na duka ko babu kuwa na bar shi wa karin magana kaɗai, irin "ruwa ba ya tsami banza" da "gani ya kori ji", tunda su ko ka sani ko ba ka sani ba.

Na sake lissafin makin makonni biyun baya da sabon tsarin, kusan kowa ya ɗan hau.

Asabar, 11 Oktoba

Malamin Larabci na makarantar ya ga abin ya ce yana so, tunda daga 2024 an sa Larabci cikin jarrabawar BECE ta kammala JHS kuma yana da 'yan aji uku da za su rubuta. Muka gwada jimla 10. Da muka sa su a kwance yara suka jera daga dama zuwa hagu yadda aka koya musu, shafin kuma na Turanci ne yana ƙirga daga hagu, sai amsar daidai ta fito a juye. Muka mai da su a tsaye, sama zuwa ƙasa, magana ta ƙare. A ƙananan wayoyi ma tsayen ya fi, don a kwance in kalmomi sun yi yawa suna karyowa layi na biyu yaro ya rikice.

Na kawo shawarar mu sa gajerun surori, a watsa kalmomin aya yaro ya jera. Ustaz ya ce a'a sam, shi ba zai so a ga kalmomin Alƙur'ani a hargitse a fuskar waya ba ko na minti ɗaya ne, kuma yaro na iya haddace jerin da ba daidai ba. Ban yi musu ba, ya fi ni sani kuma da na sake tunani na ga gaskiyarsa. Maimakon haka muka yi na alwala, niyya, wanke hannu, kurkurar baki, shaƙa ruwa, wanke fuska, hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, kunnuwa, ƙafafu. Wannan kam ta zauna daram, ƙananan ma sun fi kowa murna da ita.

Lahadi, 19 Oktoba

Jiya ba aji, ruwan sama tun asuba kuma aka ɗauke wuta har yamma, kwata ta cika ta shigo lungun makarantar. Tambayoyi 118 yanzu. Kuɗin data daga aljihuna yake fita, wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia, jikokinta biyu na ajin, ta turo min sidi 100 ta MoMo ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka mata da alheri. Ina duba yadda za a riƙa sauke kwis a manhajar Moodle ta waya a yi ba intanet, akwai wajen kunna hakan amma sai an cire ƙayyade lokaci kuma yaro ba zai ga sakamako nan take ba, ban yanke ba tukuna don ganin koren nan take shi ke riƙe su.

Asabar, 25 Oktoba

Na canza yadda nake tace tambaya. Kafin kowace ta hau, ina rubuta kalmomin a gutsattsarin kwali in ba mutum uku su jera, mmata, ƙanwata, da wani tela maƙwabcinmu ɗan asalin Sakkwato. Mma ba ta karanta boko, don haka ni ke karanta mata kalmomin ita ta faɗi jimlar. In ko ɗaya cikinsu ya fito da jerin da ba nawa ba kuma Hausa ce mai kyau, tambayar ba ta hawa. Cikin 40 na wannan makon 11 sun faɗi, yawanci a hannun telan, shi kam kusan kowace jimla sai ya samo mata wata hanya da "ne" ko "ce" ko "ma". Waɗannan ƙananan kalmomin, ma, dai, kam, fa, kuwa, na daina sa su gaba ɗaya, ba su da mazauni ɗaya.

Na kuma buɗe shafin ƙididdiga na kwis ɗin makon jiya, yana nuna kashi nawa suka ci kowace tambaya da kuma ko masu ƙoƙari ne ke cin ta. Tambaya biyu sun fito da abin mamaki, yaran da suka fi kowa maki su ne suka fi faɗuwa a kansu. Da na buɗe amsoshinsu na ga duk jeri ɗaya suka yi, "a makaranta muna karatu" maimakon "muna karatu a makaranta". Ni a littafi "muke" nake jira in an kawo wurin gaba, su kuma a bakinsu "muna" ta wadatar. Na mai da biyun rukunin Hausar littafi, kuma darasin Asabar mai zuwa a kan muna da muke zai kasance, da alli a allo kafin a taɓa waya.

Yanzu 147. Saura 53, sai kuma na Larabci da Ustaz ya ce zai kawo min jimla 30 a rubuce ranar Talata bayan magariba.